Yadda Ake Mayar da Tsohon Littafin Binciken Kisa Fim ko Wasan Dandamali

Lokacin da darakta Howard Hawks yake haɗa fim ɗin The Big Sleep, wanda ya fito a 1946, shi da marubutansa sun cije a kan tambaya guda: wa ya kashe direban nan da aka tsamo motarsa daga cikin ruwa? Suka aika wa Raymond Chandler saƙo, tunda shi ya rubuta littafin a 1939. Chandler ya duba, ya ce shi ma bai sani ba. Fim ɗin ya yi suna duk da haka, domin abin da ya riƙe shi yanayi ne da zafin zance. Amma kada wannan ya ruɗe ka. Idan littafin da ke hannunka irin na Agatha Christie ne ko na Arthur Conan Doyle, inda daɗin labarin duka yake rataye a kan "wa ya aikata", to rami guda irin wannan ya isa ya rusa maka aiki.

Irin wannan labari wasan wasa ƙwaƙwalwa ne tsakanin marubuci da mai karatu. Marubuci ya yi alkawarin ajiye dukkan alamomin gano mai laifi a fili, mai karatu kuma yana ƙoƙarin riga mai bincike gano shi. Har dokoki aka rubuta wa wasan: S. S. Van Dine ya jera 20 a 1928, Ronald Knox ya jera 10 a 1929. Aikinka shi ne ka ɗauko wannan alkawari daga takarda ka kai shi gaban ido ba tare da ya karye a hanya ba. Wahalar kuwa ita ce, alƙalami yana iya ɓoye abu a tsakiyar jimla, ido kuma ba a cika yi masa wannan wayo ba.

Kafin komai, na wane ne littafin?

Wannan ba ya buƙatar dogon bayani, sai dai tsallake shi na iya cinye maka shekara guda ta wahala. A Birtaniya da ƙasashen Tarayyar Turai haƙƙin mallaka yana ƙarewa shekara 70 bayan rasuwar marubuci. Doyle ya rasu a 1930, don haka mai bincikensa Sherlock Holmes ya daɗe da zama na kowa a can, kuma a Amurka labaransa na ƙarshe sun fita daga kariya a farkon 2023. Christie ta rasu a 1976, saboda haka a ƙasashen da ke bin lissafin shekara 70 littattafanta suna da mai su har ƙarshen 2046, kuma kamfanin Agatha Christie Limited ne ke kula da su. Amurka tana ƙirga wa tsofaffin littattafai shekara 95 daga bugawa, shi ya sa wani littafin zai zama na kowa a wata ƙasa alhali yana kulle a wata. Dubi dokar ƙasar da za ka yi aikin da ta ƙasashen da za a nuna shi. Ka kuma tuna fassara tana da nata haƙƙin daban, haka ma abubuwan da wani fim na baya ya ƙara daga kansa.

Karanta shi daga ƙarshe

Karatun farko na jin daɗi ne. Ka lura da shafin da ka fara zargin wani da shafin da aka kayar da kai, ka yi musu alama, domin nan ne littafin yake da rai.

Karatu na biyu shi ne aikin. Buɗe babin ƙarshe inda mai bincike ya warware komai, ka rubuta kowace hujja da ya kawo a layi nata. Sannan ka koma baya ka nemo inda aka fara ajiye kowace ɗaya: a wane shafi, daga bakin wa, kuma da me aka lulluɓe ta. Daga nan sai ka fitar da jadawali biyu. Na farko shi ne abin da ya faru da gaske, minti bayan minti, tun daga ranar da mai laifi ya ƙulla niyya har zuwa lokacin da aka ga gawa. Na biyu shi ne jerin yadda mai karatu ya riƙa samun labarin. Littafin bincike labarai biyu ne a haɗe, na laifi da na bincike, kuma na farkon a ɓoye yake tafiya ƙarƙashin na biyun. Duk wanda bai raba su a takarda ba, zai yanke wata fitowa da ya ga kamar ba ta da amfani, sai ya zo ƙarshe ya tarar ita ce ke ɗauke da rufin ɗakin.

A wannan mataki ne za ka gano ramukan da marubucin kansa ya bari, irin na direban Chandler. Mai karatu yana yafe su don ya manta shafi na 40 kafin ya kai na 200. Ɗan kallo da ya ga abin minti 50 da suka wuce bai manta ba.

Mayar da kowace alama abin gani

Nan ne ya kamata ka fi daɗewa.

Ɗauki jerin hujjojinka ka tambayi kowace: ana ganin ta, ana jin ta, ko kuwa a cikin kan wani take? Wasu sun zo a shirye. A The Hound of the Baskervilles na Doyle, an sace wa Sir Henry sabon takalmi ƙafa ɗaya a otal, aka dawo da shi, sannan aka sace tsoho. Dalili shi ne ana neman abin da ke ɗauke da warin jikinsa don a shinshina wa kare, sabon takalmi kuwa ba shi da wari. Wannan alama ce da za a iya riƙewa a hannu, ɗan kallo ya yi dariyarta, ya wuce. Haka hoton kakan gidan da ke rataye a bango: Holmes ya sa hannu ya rufe hular da gashin, sai fuskar mai laifi ta bayyana. Kamar don kyamara aka rubuta shi.

Wasu kuwa sai ka yi musu gini. A labarin Silver Blaze, hujjar ita ce kare bai yi haushi da dare ba, wato wanda ya shigo ba baƙo ba ne. Ta yaya za ka nuna abin da bai faru ba? Sai ka fara nuna karen yana tayar da jijiyar wuya a kan kowane baƙo, sau ɗaya ko biyu, tun da wuri, har ɗan kallo ya saba. Sannan daren laifin ya zo shiru. Shirun ba zai yi magana ba sai an ji hayaniyar da ta gabace shi.

Babbar matsalar fim ita ce kyamara ba ta iya faɗin abu a gefen baki. Marubuci zai lissafa abubuwa takwas a kan teburi, na biyar ɗin shi ne hujja, mai karatu ya bi ta kansa. Kai kuwa da zarar ka kusanto da kyamara kan kofin shayi, ka gaya wa kowa cewa akwai magana a kofin. Idan kuma ba ka nuna shi ba sam, ka ci amanar wasan. Mafita tana tsakani. Ka sa alamar a cikin hoto mai faɗi, a bayyane, yayin da hankalin ɗan kallo yake wani wuri, misali mutum biyu suna cacar baki a gaba, na uku yana gyara kayan kan kanta a bayansu. Ko ka ba alamar wani aiki na daban a lokacin da ta fito, ta zama abin dariya ko abin da ke nuna halin wani, yadda ɗan kallo zai ɗauka ya riga ya gane amfaninta. Ko kuma ka kusanto da kyamara kan abubuwa uku, biyu na ɓad da sawu ne. Ni dai na fi son ta biyun, domin mutum ba ya sake bincikar abin da yake ganin ya gama fahimta.

A dandamali lissafin ya juye. Babu kyamarar da za ta zaɓa wa ɗan kallo abin kallo, komai yana gabansa lokaci guda, don haka ɓoyewa ta fi sauƙi, nunawa ta fi wuya. Wanda ke kujerar baya ba zai ga zobe ko tabon jini a hannun riga ba. Alamar dandamali dole ta zama babba ko ta zama magana ko motsi: wa ya fita ta wace ƙofa, wa ya san inda makunnin fitila yake a gidan da ya ce bai taɓa shiga ba. Wasan Dial M for Murder na Frederick Knott, na 1952, kusan gaba ɗaya a kan makullin ƙofa ɗaya yake juyawa, kuma ɗan kallo yana iya bin makullin da idonsa daga hannu zuwa hannu. Wannan shi ne irin alamar da dandamali yake so.

Kada ka kuma ɗauka abu na gaske ya fi na ƙarya tasiri. Da Doyle ya mayar da The Speckled Band wasa a 1910, maciji na gaske aka sa, amma ya ƙi motsi yadda ake so, har wani mai sharhi ya rubuta cewa macijin ƙarya ne ƙarara. Daga baya aka koma macijin ƙarya, kuma ya fi shi gamsarwa.

Mai ba da labari: ina za ka kai shi?

Yawancin waɗannan littattafai wani ne yake ba da su da bakinsa, Watson ga Holmes, Hastings ga Poirot, mai binciken Christie, a wasu littattafan. Amfaninsa a takarda shi ne ya tsaya tsakaninmu da kan mai bincike, ya ga abin da muka gani, ya kasa gane abin da muka kasa. A fim kyamara ta karɓe wannan aiki, sai abokin ya tsaya hannu rabbana. Finafinai 14 da Basil Rathbone da Nigel Bruce suka yi tsakanin 1939 da 1946 sun cike gurbin ta hanyar mayar da Watson wawan da ake dariya, kuma wannan hoto ya manne masa shekaru masu yawa, alhali a littafi likita ne da ya yi aikin soja a Afganistan. Ina ganin wannan hasara ce. Idan abokin dolo ne, kayar da shi ba ya nuna gwanintar kowa. Ka ba shi hankali daidai na ɗan kallo mai lura, ka ba shi abin yi: shi zai yi tambayar da ke bakin mutane, shi zai kawo zato mai ma'ana wanda daga baya zai rushe.

Akwai littafin da mai ba da labarin shi ne dabarar duka. Wanda bai karanta The Murder of Roger Ackroyd na Christie na 1926 ba, ya tsallake wannan sakin layi. Likitan da ke ba da labarin shi ne ya yi kisan, kuma bai yi wa mai karatu ƙarya ko sau ɗaya ba, tsallake minti 10 kawai ya yi tsakanin jimla da jimla. Kyamara ba ta da irin wannan tsallake mai ladabi: ko ta bi shi cikin ɗakin, ko ta yanke a inda mai lura zai ji an yanke. Idan ka ɗauki irin wannan littafi, ka amince tun farko cewa dabarar asali ba za ta ƙetare yadda take ba. Sai ka nemi wadda za ta haifar da irin jin nan na "ashe wanda na jingina da shi ne", misali ka sa shi ya zama mutumin da ɗan kallo ya fi sakin jiki da shi a duk fim ɗin.

Muryar bayan fage tana da amfani idan an yi ta da ƙima. Hoton waiwaye kuma, wato nuna abin da ya faru a baya, akwai tarko a cikinsa. Alfred Hitchcock ya buɗe Stage Fright na 1950 da waiwayen da daga baya ya zama ƙarya, mutane da yawa suka ji an yaudare su, domin ɗan kallo yana yarda mutum ya yi ƙarya da baki, amma abin da ya gani da idonsa yana ɗaukarsa gaskiya. In za ka nuna zato a hoto, ka sa a gane zato ne. Fim ɗin Death on the Nile na 1978 ya yi haka: Poirot yana gaya wa kowane wanda ake zargi yadda zai iya yin kisan, ana nuna shi yana yi, kowa kuma ya san misali ake bugawa.

Rage mutane, rage wurare

Shafi ɗaya na rubutun fim kusan minti ɗaya ne a allo, don haka fim na awa biyu bai wuce shafi 120 ba. Littafi mai mutum 15 da ake zargi ba zai shiga ba sai an yi aski. Ka koma jadawalinka: duk wanda ba ya ɗauke da hujja, ba ya ɗauke da ɓad da sawu mai ƙarfi, ko dai ya tafi ko a haɗe shi da wani. Shida zuwa takwas sun ishi ɗan kallo riƙewa. Kowane ya shigo da abin da za a tuna shi da shi tun fitowarsa ta farko, domin a littafi ana iya komawa baya a duba suna, a zauren kallo babu wannan.

Ka yi hattara wajen zaɓen 'yan wasa. Idan fitaccen jarumi ɗaya ne a cikin baƙin fuskoki, kuma an ba shi ƙaramin matsayi, kowa ya san shi ne. Sidney Lumet ya magance wannan a Murder on the Orient Express na 1974 ta hanyar cika jirgin da taurari, Sean Connery, Lauren Bacall, Ingrid Bergman da sauransu, yadda suna ba zai tona asirin kowa ba. In ba ka da kuɗin wannan, to kowa ya zama daidai wa daida a rashin suna.

Christie da kanta ta fi kowa rashin tausayi wajen aski. Ba ta ji daɗin yadda wasu suka kai littattafanta dandamali ba, tun daga wasan Alibi na 1928, sai ta karɓi aikin. Da ta mayar da The Hollow wasa a 1951, Poirot ɗin ta cire gaba ɗaya. Haka ta yi a Appointment with Death, inda har yadda mutuwar ta auku ta sauya. Idan mai littafi ta iya korar gwarzonta don wasa ya tsaya da ƙafarsa, kai ma kada ka ji nauyin cire wanda ya tsaya maka a hanya.

A dandamali, ɗaki ɗaya ya fi. Wasan The Mousetrap na Christie, wanda aka fara a Landan ranar 25 ga Nuwamba 1952 kuma ya fi kowane wasa daɗewa ana yi, a falo guda yake gudana, a gidan baƙi da dusar ƙanƙara ta datse wa hanya. Ƙuntatar wurin ita ce tsoron: mai kisan yana cikinmu, ba kuma mai fita. Zana taswirar ɗakin da ƙofofinsa kafin ka rubuta zance, ka san inda kowa yake a kowane minti ko da ba ya kan dandamali. Ka ajiye babban abin firgici dab da hutun rabin lokaci, mutane su fita suna gardama.

Tsakiyar labari, inda ake yin barci

Tsakiyar littafin bincike yawanci tambayoyi ne, a kira wannan a tambaye shi, a kira wancan. A takarda yana tafiya, a allo kuwa mutum biyu ne zaune suna magana har sau takwas. Hitchcock bai cika son labarin "wa ya aikata" ba saboda wannan, yana ganin duk daɗin an tara shi a minti na ƙarshe. Misalinsa sananne ne: bam ya tashi ba zato, an firgita na daƙiƙa kaɗan, amma a nuna wa mutane bam ɗin a ƙarƙashin teburi tun da wuri, sai su yi minti da yawa zuciya na dukan uku-uku.

Ka ari wannan. Kowace ganawa ta zama kokawa, wanda ake tambaya yana da abin da yake karewa ko da ba kisan ba ne: bashi, soyayyar ɓoye, sunan ƙarya. Ka sauya wuri da yanayi, wani a tsaye, wani ana tafiya, wani shi ne zai zo da kansa. Ka sa haɗari ya ci gaba da rayuwa, wato mai laifi yana nan yana aiki, akwai wanda ya san abin da bai kamata ya sani ba. Wata ganawar kuma a bar ta ta yi tsawo idan ɗan wasan ya isa: ta Ingrid Bergman a fim ɗin Lumet kusan minti biyar ce a ɗauka guda, kuma ta samu kyautar Oscar da wannan ɗan matsayi.

Zamani da ƙarshe

Za ka iya matsar da labarin zuwa wani zamani. Finafinan da Rathbone ya yi daga baya sun kai Holmes lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, shirin Sherlock na BBC a 2010 ya ba shi wayar hannu. Sai dai kowane matsi yana da farashi: ka bi jadawalinka ka ga wace hujja ce wayar salula ko kyamarar tsaro ko gwajin jini za su kashe cikin minti ɗaya. In sun fi biyu, bar labarin a zamaninsa. Tsofaffin littattafan nan kuma suna ɗauke da raini ga wasu jinsuna da baƙi, irin na lokacinsu; wannan ba ya cikin ginin wasan, cire shi ba ya rage komai.

Ƙananan abubuwa kuwa kana da 'yanci a kansu fiye da yadda masu kishin littafi za su yarda. Lanƙwasasshiyar lofen Holmes daga dandamali ta samo farin jini, wajen ɗan wasa William Gillette, wanda ya fara wasansa a 1899 ya kuma yi shi kusan sau 1,300. Da ya nemi izinin aurar da Holmes, Doyle ya ba shi amsa cewa ya aurar da shi, ko ya kashe shi, ko ya yi duk abin da ya ga dama da shi.

Sauya ƙarshe shi ne babban hukunci. Littafin And Then There Were None na 1939 ya ƙare kowa ya mutu, bayani kuma ya zo a wasiƙar da aka jefa teku cikin kwalba. Ba a iya wasa da wasiƙa a dandamali, ba kuma wanda ya rage da zai yi magana, sai Christie ta bar mutum biyu da rai a wasanta na 1943, fim ɗin René Clair na 1945 ya bi wannan hanya. Shirin BBC na 2015 ya koma ga baƙin ƙarshen littafin. Duka sun yi aiki, domin kowanne ya gyara abin da ya gabata ya dace da inda za shi. Abin da ba ya aiki shi ne a sauya mai laifi don a ba waɗanda suka karanta mamaki, a bar alamomin suna nuna mutumin farko.

Fitowar warwarewa, inda aka tara kowa a ɗaki, kada ta zama lacca. Ka rage hujjojin zuwa uku ko huɗu mafiya ƙarfi, waɗanda ɗan kallo ya gani da idonsa. Ka warware ƙananan asirai tun kafin nan, don kada su yi cunkoso. A fim ka dawo da ainihin hotunan da aka riga aka nuna, ba sababbi ba, mutum ya ga abin yana nan tun farko shi ne bai duba ba. A dandamali ka sa mai bincike ya ɗana tarko a gaban mutane, mai laifi ya faɗa da ƙafarsa, domin aiki ya fi bayani riƙe zaure.

Gwaji

Tara mutum biyar ko shida da ba su san littafin ba, a karanta musu rubutun da murya, ko a nuna musu fim ɗin kafin a gama tacewa. Ka tsaya sau uku, bayan kisan, a tsakiya, da dab da warwarewa, kowa ya rubuta wanda yake zargi da dalilinsa a takarda ba tare da shawara da na kusa ba. Idan duka sun gano tun a tsakiya, wata alama ta yi ƙara da yawa, ka nemo ta ka rage mata haske. Idan ba wanda ya gano, kuma bayan an faɗa musu suka ce "ta yaya za mu sani?", to ka ɓoye fiye da kima, ka koma ka ƙara wa alama ɗaya ko biyu daƙiƙa a allo. Abin da kake nema shi ne ɗaya ko biyu su kusa, sauran kuma su dafe kai su ce ai sun ga takalmin nan. Sannan ka kawo mutum ɗaya da ya haddace littafin, ka zaunar da shi daban, ka ba shi jadawalinka na farko, ya bi minti bayan minti ya nemo maka inda direbanka ya mutu ba mai kisa.